Falmouth ta Jamaika: Garin da Sukari Ya Gina, Talauci Ya Adana

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a bakin wani ƙaramin gari mai suna Falmouth a Jamaika, jirgin ya fi kowane gini na garin tsawo. An ce garin tarihi ne. Mene ne tarihinsa, me ya sa ya tsaya cik bai girma ba, kuma ko akwai abin da ya haɗa shi da mu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hoton da ka gani bai yi ƙarya ba. Mutanen Falmouth ba su kai dubu goma ba, manyan jiragen da ke tsayawa a can kuwa kowannensu na ɗauke da fasinja sama da dubu biyar, ban da ma'aikata. Ranar da biyu suka haɗu, baƙi sun fi 'yan gari yawa.

Garin yana gaɓar arewa ta tsibirin Jamaika, kimanin kilomita 30 gabas da Montego Bay, kusa da inda kogin Martha Brae ke faɗawa teku. Shi ne hedikwatar gundumar Trelawny. Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Sifaniya a 1655, amma Falmouth bai samu ba sai 1769, lokacin da wani mai fili, Thomas Reid, ya fara yanka filinsa yana sayarwa. Daga baya Edward Barrett ya yanka nasa da ke maƙwabtaka. A 1770 aka ɓalle gundumar daga maƙwabciyarta St James aka sa mata sunan gwamnan lokacin, William Trelawny, garin kuma ya ci sunan Falmouth ta yankin Cornwall a Ingila. Hedikwatar farko tana ƙauyen Martha Brae ne, ɗan nisa kaɗan cikin tudu, sai aka ga jirgi ba ya iya zuwa can, aka dawo da ita bakin ruwa wajen 1790.

Sukari ne dalilin komai. A ganiyar lokacin, gonakin rake na gundumar sun doshi ɗari, kowace da matsewarta da ɗakin dahuwarta. Wanda ya taɓa ganin yadda ake mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ya riga ya san ƙashin aikin, bambancin girma ne kawai da kuma wanda ake sa wa ya yi. Rake in an sare shi ba ya jira: kwana ɗaya zuwa biyu ruwansa zai fara tsami. Don haka daga Janairu zuwa wajen Yuni matsewa ba ta tsayawa dare da rana, ko dabbobi ke juya ta, ko iska, ko ruwan kogi. Ruwan raken yana gangarowa cikin jerin manyan tukwanen tagulla, yawanci biyar, daga babba zuwa ƙarama. Ana zuba ɗan farar ƙasa don datti ya taso a kwashe, ana kamfatar ruwan daga tukunya zuwa ta gaba yana ƙara kauri. A tukunya ta ƙarshe gwanin dahuwa, wanda shi ma bawa ne, yake lakato ɗan kaɗan tsakanin yatsa da babban yatsa ya ja. In zaren ya yi daidai a sauke, in an yi gaggawa ba zai daskare ba, in an makara ya ƙone. Sai a zuba cikin manyan gangunan katako masu huda a gindi, a bar su makonni baƙin ruwan nan mai kauri kamar maɗi ya tsiyaye. Da shi ake yin giyar rake. Ganga guda ta haura rabin tan.

Waɗannan gangunan ake jawowa a keken shanu zuwa Falmouth. Mashigar tashar ƙuntatacciya ce, tsakanin duwatsun murjani, ruwan bakin gaɓa kuma ba zurfi, saboda haka jirage na tsayawa can ciki, ƙananan kwale-kwale na yi musu jigila. Kowane matuƙi yana so ya cika ya tashi kafin farkon Agusta, domin daga nan kuɗin inshora ke tashi saboda lokacin guguwa. Abin da jiragen ke saukewa kuwa: katako, yadi mai kaushi na tufafin bayi, kayan ƙarfe, busasshen kifi mai gishiri daga Arewacin Amurka, da mutane.

Da yake an zana garin a takarda kafin a gina shi, titunansa a miƙe suke sun gitta juna kamar gidan dara. Gidan ɗan kasuwa na Market Street siffa ɗaya gare shi. Ƙasa ginin dutse ne ko jan bulo, nan kanti da sito suke. Sama benen katako ne inda iyali ke zaune, barandarsa ta zarce ta rufe hanyar masu ƙafa a kan ginshiƙai, har mutum ya yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi ba. Tagogin gilashi irin na Ingila an haɗa su da wasu na siraran katakai a karkace, masu shigo da iska su tare ruwan sama. Jan bulon da yawansa daga Ingila ya zo, a matsayin nauyin da ake zuba wa cikin jirgi don kada ya yi tangaɗi, a sauke shi a loda sukari. Ba Turawa kaɗai ke da gidaje ba. 'Yantattun baƙaƙe da ruwa-biyu, mata da yawa a cikinsu, sun mallaki ƙananan gidajen katako, akwai kuma maƙabartar Yahudawa a Duke Street. Magina da kafintocin da suka yi aikin, mafi yawansu bayi ne.

Abin da 'yan garin suka fi tinƙaho da shi ruwan famfo ne. A 1799 kamfanin ruwa na garin ya kafa wani ƙaton gargare a kogin Martha Brae, faɗinsa kamar mita shida, an jera masa bokitai a baki. Ƙarfin kogin ke juya shi, bokitan su ɗebo ruwa su juye a kwararo can sama, ruwan ya gangaro ta bututu zuwa tanki a tsakiyar gari, filin da har yau ake kira Water Square. Jigo ne da ba ya bukatar mai ja. Za ka ji ana cewa Falmouth ta riga New York samun ruwan famfo. Maganar na da ƙanshin gaskiya, domin sai 1842 New York ta samu ingantaccen ruwa daga kogin Croton, amma a tuna ba tausayin talaka ya kawo aikin ba: jirage na sayen ruwa, kuma garin katako yana tsoron gobara.

Babban attajirin wurin shi ne John Tharp mai gonar Good Hope, wanda ya mutu a 1804 ya bar bayi fiye da dubu biyu. Gidansa na bakin tasha yana nan. Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, amma bautar kanta ta ci gaba. A ƙarshen Disamba 1831 wani bawa mai wa'azi a cocin Baptist, Samuel Sharpe, ya shirya yajin aiki a St James: ba mai komawa gona bayan Kirsimeti sai an yanka masa lada. Abin ya rikiɗe ya zama tawaye mafi girma a tarihin tsibirin, wutarsa ta kai Trelawny. An murƙushe shi da kisa mai yawa, aka rataye Sharpe a Montego Bay ranar 23 ga Mayu 1832. Masu gonaki suka ɗora laifin kan 'yan mishan, suka rushe cocin William Knibb, limamin Baptist na Falmouth. Kuskurensu ke nan, domin Knibb ya tafi Ingila yana bi gari gari yana faɗa wa jama'a abin da idonsa ya gani.

Dokar 'yanci ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1834, da wata dabara a ciki: an ce bayin su zama masu koyon aiki, su riƙa yi wa iyayengijinsu awa 40 da rabi a mako kyauta. Diyyar fam miliyan 20 kuwa masu bayi aka biya, bayin ko sisi. Sai daren 31 ga Yuli 1838 abin ya ƙare. Jama'a suka cika sabon cocin Knibb suna kallon agogo har ya buga sha biyu. Da asuba aka kawo akwatin gawa, aka sa sarƙa da ƙarfen wuya da bulala a ciki, aka binne, da rubutun cewa bauta ta mutu tana da shekara 276. Lissafin ya faro ne daga 1562, shekarar da Baturen Ingila John Hawkins ya yi safarar bayinsa ta farko. Makarantar sakandare mai sunan Knibb, a Martha Brae, ita ce wadda Usain Bolt ya yi, shi ɗan ƙauyen Sherwood Content ne a wannan gunduma.

Game da alaƙa da mu, a yi hattara da masu ƙarin gishiri. Mafi yawan waɗanda aka kai Jamaika ta tashoshin Bonny da Kalaba suka fita, da gaɓar Gana ta yau, da yankin Kongo, shi ya sa tasirin Ibo da Akan ya fi fitowa a bakin mutanen. Amma akwai Musulmi masu karatu a cikinsu. Wanda aka fi sani shi ne Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tambutu, wanda yake rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, aka 'yanta shi a Kingston a 1834. A tarihin da ya rubuta da hannunsa ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsa, amma da Hausa ana kiranta Nagode. Ba a Falmouth ya zauna ba, sai dai tsibiri ɗaya ne, zamani ɗaya. Wata alaƙar tana cikin tukunya: abincin da Jamaika ke ji da shi haɗin kifin gishirin nan ne da 'ya'yan itacen da suke kira aki, wato gwanja kusa, wanda daga Afirka ta Yamma aka kai shi. Kudancin Trelawny kuma ƙasar doya ce.

Faɗuwar garin ba ta da wani sirri. 'Yantattu suka bar gonaki suka kafa ƙauyukansu, irin su Granville da Kettering. A 1846 majalisar Birtaniya ta fara janye gatan harajin da ke kare sukarin yankunanta, sai na Kuba da Brazil, inda har lokacin bayi ke noma, ya karya farashi. Jiragen tururi suka zo, sun fi ƙarfin tashar. Layin dogo da ya haɗa Kingston da Montego Bay a ƙarshen ƙarnin bai bi ta Falmouth ba. Kuɗi ya ƙaura, kuma inda ba kuɗi ba mai rushe tsohon gida ya gina sabo. Cocin St Peter na tsakiyar shekarun 1790, da kotun 1815 wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1926, da layukan gidajen 'yan kasuwa, duk rashin hali ne ya bar su a tsaye. A 1996 gwamnati ta ayyana tsohon garin a matsayin kayan tarihi na ƙasa.

Adana su ne wuya. Garin kwance yake dab da tsayin teku, da fadamar ruwan gishiri a bayansa, in ka tona kaɗan ka iske ruwa. Bango na tsotso danshi mai gishiri daga ƙasa. Tsohon kwaɓin farar ƙasa da yashi yana barin danshin ya fita ta jikinsa, gishirin ya taru a waje, kwaɓin ya ci a hankali, bayan shekaru a sake cike shi. Matsala na farawa ne ranar da mai gida ya ga ya samu ɗan kuɗi ya yaɓe bangon da siminti. Siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya numfashi. Danshin ya rasa hanya ya ƙara hawa sama, gishiri ya daskare cikin bulon ya mai da shi gari, ya kai ga gindin katakon bene ya ruɓar da shi, gara ta ƙarasa sauran. Duk wanda ya ga filastar siminti ta ɓamɓaro daga katangar ƙasa a cikin birnin Zazzau, ta taho da rabin katangar, ya san cutar. Gyaran na gaskiya shi ne a sassaƙe simintin da hannu, a jiƙa ƙonanniyar farar ƙasa a rami ta yi aƙalla wata uku, a kwaɓa kashi ɗaya da yashi wankakke kashi uku, ba yashin bakin teku ba, a cusa a hankali, a riƙa yayyafa ruwa kwanaki don kada rana ta busar da shi kafin ya kama. Ƙungiyar Falmouth Heritage Renewal ta yi shekaru tana koya wa matasan garin wannan aiki a kan gidajen marasa ƙarfi.

Tashar da ka gani a hoto an buɗe ta a 2011, haɗin gwiwar hukumar tashoshin Jamaika da kamfanin Royal Caribbean. An yashe mashigar, aka fasa murjani, aka cike teku aka yi sabon fili mai kusurwa uku, da kantuna masu kwaikwayon tsohon gini, da shinge. Jirgi na zuwa da safe ya tashi da yamma. Fasinja ya riga ya biya kuɗin abincinsa a jirgi, yawancinsu kuma daga cikin shingen suke hawa bas zuwa magangarar ruwa ta Dunn's River ko yawon kwale-kwalen gora a Martha Brae. Wanda ya fito da ƙafa zuwa Water Square kaɗan ne, kuma wannan shi ne kukan 'yan kasuwar garin tun ranar farko. Cinikinsu na ainihi na kasuwar Laraba ne da suke kira Bend Down, wato sunkuya, don a ƙasa ake baza kayan kamar gwanjo.

Hoton naka mai yiwuwa ya girmi 28 ga Oktoba 2025, ranar da guguwar Melissa ta ratsa yammacin Jamaika da mafi girman ƙarfin da ake auna guguwa da shi. Falmouth na cikin garuruwan da suka fi jin jiki, ta yaye rufin gidaje da na ma'aikatu, har da kotun da asibiti. Bangon farar ƙasa da ya rasa rufi ruwan sama yake sha ta kai, don haka aikin farko a kan irin waɗannan gine-gine shi ne a rufe saman bangon ko da tamfol ne, a tattara tsofaffin bulo da katakon da suka zube a ajiye kafin motar kwasar shara ta iso.