Digiri na biyu a fannin akanta ko jarrabawar ICAG: wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Aboabo, Kumasi. Na gama digiri na farko a fannin akanta, yanzu ina riƙe wa wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota littattafansa a Suame Magazine. Ina so in koma KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, in yi digiri na biyu don in ƙware a ƙa'idojin IFRS, wato ƙa'idojin duniya na tsara rahoton kuɗi, amma yayana ya ce ɓarnar kuɗi ce, in je in rubuta jarrabawar ICAG, hukumar ƙwararrun akantoci ta Ghana, kawai. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yayanki yana da gaskiya ta fuska ɗaya. Digiri na biyu ba zai sa a kira ki ƙwararriyar akanta ba, kuma ba zai ba ki ikon sa hannu a rahoton binciken kuɗi ba. Wannan hurumin ICAG ne, hukumar da aka kafa tun 1963, wadda a 2007 ta ɗora Ghana kan IFRS. In burinki ke nan, fara da jarrabawar. Sai dai ba zan kira digirin ɓarna ba, don abin da yake koyarwa daban ne.

Mu ɗauki shagon da kike aiki. A ce Alhaji ya karɓi kaya bashi na dala 10,000 lokacin da dala take sidi 12, kin rubuta bashin sidi 120,000. Shekara ta ƙare bai biya ba, dala ta koma sidi 15. Ƙa'idar IAS 21, ɗaya daga cikin ƙa'idojin IFRS, ta ce a sake lissafa bashin da farashin ranar rufe littafi, ya zama 150,000, wato asarar sidi 30,000 ta shiga rahoton riba. Kayan da ke jere a kanta kuwa suna nan a kan tsohon farashi. Alhaji zai ce, "Ban sayar da komai ba, ina asarar ta fito?" Jarrabawa za ta koya miki yin lissafin daidai. Karatun digiri na biyu shi ne zai zaunar da ke a kan tambayar Alhaji: me ya sa aka raba bashi da kaya haka, kuma wannan rabon yana nuna gaskiyar kasuwanci a ƙasar da kuɗinta ke yawan faɗuwa?

Ki sani, hukumar IASB da ke Landan, mai tsara ƙa'idojin IFRS, ba ta rubuta hukuncin kowane ciniki ba. Tushe take shimfiɗawa, ta bar wa akanta ya yi ijtihadi, ya kuma kare shi da hujja. Mu a Ghana mun gani da idonmu. Da gwamnati ta fito da shirin musanya takardun bashinta na cikin gida a Disambar 2022, ƙa'idar IFRS 9 ta tilasta wa bankuna su rubuta asarar da suke hange tun ba ta gama aukuwa ba, shi ya sa da yawansu suka fitar da rahoton 2022 da faɗuwa mai nauyi. A watan ne hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, daga baya aka shiga muhawara kan ko IAS 29, ƙa'idar ƙasashen da hauhawar farashi ta yi ƙamari, ta hau kan Ghana, tunda ɗaya daga cikin alamominta shi ne hauhawar shekara uku ta kusanci kashi 100. Masana sun rabu a kai. Duk mai neman abin da zai rubuta kundin bincike a kansa, ga shi nan a ƙofar gida.

Game da zaɓi, digiri na biyu akwai MSc akwai MPhil: MSc ya fi gajarta kuma ya fi dacewa da mai aiki. MPhil yawanci shekara biyu ne da kundi, shi ake bi in ana son koyarwa a jami'a ko digiri na uku. Akwai lissafin ƙididdiga sosai a ciki, ki shirya masa.

Shawarata, tunda aikin nan ne ke ciyar da ke, kada ki sake shi. Ki fara ICAG, ki nemi a yafe miki darussan da digirinki ya riga ya ɗauke, sannan ki shiga digiri na biyu kina da tambayoyin da suka dame ki da gaske. Kafin nan ki sauke rahoton 2022 na banki ɗaya da ke kasuwar hannun jari ta Ghana, ki karanta bayanan da ke bayan alƙaluman, shafi biyar kullum bayan sallar isha'i. Ranar da za ki je neman gurbi kuma, ki tambayi sashen ko sun fara koyar da IFRS 18, wadda za ta maye gurbin IAS 1, ƙa'idar tsara fasalin rahoton kuɗi, daga Janairun 2027, domin da ita za ki tsara rahoto idan kin fito.