Filin Tambaya da Amsa: Layin da ya rabu gida huɗu maimakon uku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon harshen Python, kuma ni nake riƙe wa wasu dillalan hatsi na Kasuwar Dole lissafi a kwamfuta. Kowane layi yana ɗauke da garin da kaya suka fito, da irin hatsin, da nauyinsa. Ina raba layin da split(","), to amma "Magarya,gero,40" yana ba ni gida uku, shi kuwa "Mirya,dawa,12,5" sai ya ba ni huɗu. Ina gyaran yake? Daga mai karatunku a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Umarnin split bai san ma'anar abin da ka rubuta ba, aikinsa kawai shi ne ya yanka rubutu a duk inda ya ci karo da alamar da ka ba shi. Mu a Nijar mun gaji rubutun lissafi irin na Faransanci, inda ake rubuta kilo goma sha biyu da rabi a matsayin 12,5, saboda haka waƙafin nan guda ya ɗauki aiki biyu, kwamfuta kuwa ba ta da hanyar bambance su. Wannan ne dalilin da ya sa Excel, idan an saita kwamfutar da Faransanci, yake raba bayanan fayil ɗin CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi irin naka, da waƙafi mai ruwa (;).

Kai ma ka bi wannan hanya: ka rubuta "Mirya;dawa;12,5", ka raba da split(";"). Sai dai kafin ka yi lissafi da nauyin, dole ka musanya waƙafinsa da aya ta hanyar replace(",", "."), domin float, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, ba ya karɓar 12,5, sai 12.5. Idan kuma fayilolin da aka raba da waƙafi sun riga sun taru, split(",", 2) zai tsaya bayan yanka biyu ya bar maka nauyin cikakke, amma wannan dabara tana aiki ne kaɗai muddin nauyin shi ne na ƙarshe a layi.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, wanda na tabbata zai same ka. Ranar da aka manta ba a rubuta irin hatsi ba, "Tanut;;30" zai ba ka gida uku, na tsakiya babu komai a cikinsa. Kada ka share wannan gurbin, domin idan ka share shi 30 zai koma mazaunin sunan hatsi, lissafin ya rikice.

A ganina, duk wanda yake riƙe da lissafin dukiyar mutane bai kamata ya daɗe yana dogaro da split ba. Python yana zuwa da kundin csv, wanda ya san ƙa'idar da aka bayyana a takardar RFC 4180 ta shekarar 2005, cewa bayanin da alamar rabawa ta faɗo a cikinsa ana killace shi da alamar zancen wani, a karanta shi a dunƙule. Ka yi amfani da csv.reader, ka sanya masa delimiter=";", sannan ka buɗe fayil ɗin da tsarin adana haruffa na utf-8 domin kada haruffan ƙ da ɗ da ɓ su lalace a sunayen dillalai.