Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: ku bar wa mutum fatarsa

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga masu ɗaukar hoto ne, musamman matasan da ke aiki da 'yan tallan tufafi maza, da mawaƙa, da 'yan rawa. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoto fes, amma da na tura wa mawaƙin da muke aiki tare ta WhatsApp sai ya ce ya yi dishi-dishi. Wayata ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. WhatsApp ne ke matse hoto don ya rage nauyinsa. Tura shi a matsayin fayil, wato ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda ka ɗauke shi. Maɓallin HD da suka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, amma shi ma yana matsewa. Kuma ka ce wa mawaƙin ya daina hoton allon wayarsa yana ɗorawa a Facebook, sannan ya dawo yana ɗora maka laifi.

Tambaya: Ina ɗaukar wani matashi hotunan tallan kaftani da huluna na wani tela. Yaron yana da kyau da tsayi, amma baƙi ne sosai. Wace manhaja ce ta fi haska fata ta kuma goge tabo, don hoton ya fito irin na ƙasashen waje? Na haɗo da hotuna biyu, na asali da wanda na gyara. Daga Kano.

Amsa: Ƙanena, na duba hotunan biyu, kuma raina ya ɓaci. A na farko na ga saurayi mai kwarjini, da tsagen gado biyu a kumatu, da alamar sujada a goshi. A na biyu na ga 'yar tsana ta roba sanye da shadda. Ko mahaifiyarsa aka nuna wa sai ta tambayi ɗan gidan wane ne. Ba zan faɗa maka sunan manhajar da za ta ƙara wannan ɓarna ba. Amma zan gaya maka abin da ya sa fuskarsa ta fito da duhu tun farko, domin a nan matsalarka take.

Kyamara ba ta san mutum ba. Tana auna hasken da ke gabanta ne ta yi ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, launin toka. Ka tsayar da yaron da farar shadda, a jikin farin bango, da tsakar rana. Kyamara ta ga fari ya cika ko'ina, sai ta rage haske, fuskarsa ta nutse. Da a ce baƙin kaya ya sa a wuri mai duhu, da ƙara haske za ta yi har fatarsa ta koma kamar an shafa mata toka. Maganin yana hannunka kafin ka danna: taɓa fuskarsa a allon wayar, riƙe yatsanka har awon ya kulle, sannan ka ja hasken sama ko ƙasa kaɗan kana kallon aikin wuyan rigar. In aikin ya ɓace cikin fari, ka wuce gona da iri, kuma telan da ya biya ka don a ga ɗinkinsa ba zai gode maka ba.

Sai rana. Me ya kai ka ɗaukar mutum hoto ƙarfe ɗaya na rana? Rana tana bisa kai, idanu sun zama ramuka, goshi yana ƙyalli, yaron yana yamutsa fuska. Fita da hantsi kafin ta yi zafi, ko bayan La'asar. In dole sai da rana, shigar da shi inuwar zaure ko ƙarƙashin rumfa, fuskarsa na kallon waje. Ka sa wani ya riƙe farin kwali ko farin zane daga gefe ya mayar masa da haske. Baƙar fata tana da sheƙi, kuma wannan sheƙin ne ke fito da ƙashin kumatu da hanci da haɓa. Hasken da ke zuwa daga gefe, mai faɗi, mai laushi, shi take so. Fitilar waya da ke bugun fuska kai tsaye ita ce babbar abokiyar gabarta, ka kashe ta.

Ka ce kana son irin na ƙasashen waje. To ka san cewa kayan aikin nasu ba a yi su da mu a rai ba. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Fatar da ta yi kama da tata ta fito daidai, saura kuwa ko oho. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Google ma sai a 2021, da wayar Pixel 6, ya fito yana tallar cewa ya gyara yadda kyamararsa ke ɗaukar baƙar fata. Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da Itel ya ci kasuwar Afirka ne, cikin dalilai, saboda ya kula da wannan da wuri. Mutane sun yi shekaru suna faɗa don a gyara na'ura ta ga fatarmu yadda take, kai kuma ka zo kana neman manhajar da za ta goge ta.

In misali kake nema, ba sai ka je Turai ba. Nemi hotunan Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana da zanen atamfa a baya. Nemi na Malick Sidibe, shi ma ɗan Mali, wanda ya yi ta ɗaukar samarin Bamako a shagonsa da wuraren rawa, har aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a birnin Banis na Italiya a 2007. Dubi fuskokin mazan da ke cikin hotunansu. Baƙaƙe ne wuluk, kana ganin kowace gargasa, kuma manyan gidajen tarihi na duniya ke rataye su a bango.

Yanzu ga abin da za ka yi. Shiga saitin kyamara ka kashe gyaran fuska gaba ɗaya. Wayoyi da yawa a kunne yake zuwa, yana siranta haɓa yana ƙara girman ido ba tare da ka sani ba. In wayarka tana da yanayin ƙwararru, ɗauki ɗanyen hoto, wato RAW, wanda ke ajiye bayanan haske da yawa fiye da JPEG, irin hoton da waya ta saba ajiyewa. Buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko Snapseed, ɗaga inuwa kaɗan, rage wurin da ya yi fari fat, daidaita launi da farin rigar har ya zama fari na gaskiya. Ƙurji da ya fito jiya kuma zai tafi jibi, cire shi, ba laifi. Tsage da tabo da alamar sujada nasa ne, kada ka taɓa sai shi da bakinsa ya roƙe ka. Ni ƙa'idata ke nan, kuma duk wanda na koya wa aiki da ita na fara masa. Ka sake ɗaukar yaron, ka turo min in gani.

Tambaya: Wata ƙungiyar 'yan koroso ta gayyace ni in ɗauke su a ɗakin taro da dare. Hotunan sun fito da layuka baƙaƙe a kwance, kuma ƙafafunsu duk sun zama hayaƙi. Daga Kaduna.

Amsa: Matsala biyu ce, kuma maganin ɗaya yana tsananta ɗayar. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilun LED masu araha suna ƙyaftawa sau 100, ido bai gani amma kyamara tana gani. Su ne layukan. Sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, za su ɓace. Sai dai tsayar da ɗan rawa cak yana son 1/500 ko sama. Saboda haka da dare ka zauna a 1/100, ka koyi rawar. Kowane tsalle yana da ƙololuwa inda jiki ke tsayawa ƙiftawar ido kafin ya sauko, kuma kiɗan ne zai gaya maka lokacin. Je ka wurin atisayensu sau biyu ka saurari gangar kafin ranar. Abin da na fi so kuwa, ka roƙe su awa ɗaya da yamma a fili, da cikakken kayansu, ka ɗauka a 1/1000 hankalinka kwance. In da janareto ake, ka gwada tukuna, don ba kowanne ke riƙe 50 ɗin daidai ba.

Tambaya: Na ɗauki wani ɗan wasan kwaikwayo hotuna kyauta bisa cewa zai ambaci sunana. Ya ɗora a Instagram, ya yanke sunana da ke ƙasan hoton, yanzu har wani mai sayar da turare yana talla da su. Daga Jos.

Amsa: Da fatar baki kuka yi, ko ba haka ba? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bar haƙƙin hoto a hannun wanda ya ɗauka, kuma mayar da shi ga wani sai a rubuce. Don haka kana da bakin magana da mai turaren. Fara da saƙo cikin mutunci, in ya ƙi ka kai ƙara ga Instagram ta fom ɗinsu na haƙƙin mallaka. Amma ka sani shi ma ɗan wasan fuskarsa ce jarinsa, kai ma ba daidai ba ne ka sayar da ita ba da yardarsa ba. Gaba, kafin ka buɗe jakar kyamara, ku rubuta abu huɗu ko a saƙon waya ne: hotuna nawa, ina za a ɗora, wa zai iya sayarwa, yaya za a ambaci suna. Sannan kai ka ɗora a Instagram ka gayyace shi ta tsarin Collab, wanda aka kawo a 2021. Hoton zai fito a shafukanku biyu da sunayenku biyu a sama, inda almakashi ba ya kaiwa.

Tambaya: Memori na ya ce sai an goge shi, kuma aikin mako guda na ciki. Daga Maraɗi.

Amsa: Kada ka goge, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. Cire shi, sa a kwamfuta, gwada PhotoRec, manhajar dawo da hotunan da suka ɓace, kyauta ce, ka ajiye abin da ya dawo a kan kwamfutar ba a kan katin ba. In mai 128GB ne da ka saya da kuɗin shayi a bakin tasha, to jabu ne. Gwada na gaba da H2testw, manhajar gano katin jabu, kafin ka ba shi amanar aikinka. Kuma mako guda ba ka kwafe ba, malam? Kowane dare, kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a Google Drive.