Likita Ya Amsa: Abin Hannun Shaidar Ciwon Suga ga Yara 'Yan Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 yana da ciwon suga, yana yin allurar insulin kullum. A asibiti an ce mu sa masa abin hannu mai rubutu, amma makarantarsu ta hana sa kowane irin kayan ado. Shin dole ne? Me ake rubutawa a kai? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki sa masa, kuma ki je makarantar da kanki a warware maganar.

Yaron da ke kan insulin, maganin da ke sauke suga a jini, abin da ya fi saurin kayar da shi a makaranta shi ne faɗuwar suga, wato ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko ƙasa da 3.9 idan na'urar mai ƙananan lambobi ce. An yi masa allura da safe bai ci abincin kirki ba, ko ya yi guje-guje a fili, ko malami ya riƙe aji aka makara fita cin tara. Sai jiki ya kama rawa, gumi ya keto, ya ji yunwa mai tsanani, harshe ya yi nauyi. Wani yaron rigima yake farawa ko ya yi ta kuka babu dalili, har a zane shi a ce rashin kunya ce. In an bar shi sai ya suma, wani har da jijjiga. To a nan ake yin ɓarnar: ana ganin haka sai a ce farfaɗiya ce ko aljanu, a kwara masa ruwa, a danna masa cokali a baki, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali ƙwaƙwalwarsa suga take nema. Abin hannun shi ne zai yi magana a lokacin da bakin yaron ya mutu.

Rubutun ya zama gajere, da manyan baƙaƙe: sunansa, sannan CIWON SUGA, INA KAN INSULIN, sannan lambar waya biyu, taki da ta wani wanda ba ya kashe waya. A ɗaya gefen a sa TYPE 1 DIABETES, INSULIN, domin shi ne abin da idon ma'aikacin asibiti ya saba gani. A Nijar kuwa a rubuta DIABÈTE TYPE 1, INSULINE. Kada a rubuta adadin allurar, don likita yana canza shi yayin da yaro ke girma. Adireshin gida ma a bar shi. Idan akwai maganin da jikinsa ba ya so, irin su fanisilin, wannan a ƙara.

Maganar doka kuwa, ki karɓi takarda daga likitansa ki kai wa shugaban makaranta, a ajiye kwafi a fayil ɗin yaron. Ki tabbata malamin aji da malamin wasanni da mai kula da da'a sun san da ita, domin yawanci shugaba yana amincewa, sai wani malami da bai ji labari ba ya ƙwace abin a layin taron safe.

Tambaya: Malam Likita, ni malamin firamare ne. Idan na ga wannan rubutu a hannun yaro kuma ya rikice, me zan yi kafin iyayensa su zo? (Wani malami, Maraɗi)

Amsa: Malam, fara da duba ko yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya. Idan yana iyawa, ka zaunar da shi a inda yake, kada ka aike shi ofis shi kaɗai, a hanya suke faɗuwa. Ka ba shi suga kimanin giram 15: ƙwaya uku na sukarin kwali, ko babban cokali ɗaya na garin suga a ɗan ruwa, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo. Yaron da bai kai shekara 6 ba, giram 10 ya ishe shi. Lemon da aka rubuta babu suga a cikinsa ba zai yi komai ba. Cakulan ma ba ya sauri, saboda maiƙon da ke cikinsa yana jinkirta shigar suga cikin jini. Ka jira minti 15, a gwada in akwai na'ura, in bai dawo daidai ba ka sake ba shi. Da ya warware a bi shi da biredi ko biskit, in ba haka ba sugan zai iya sake faɗuwa.

In babu na'ura kuma ba ka san ko sugan hawa ya yi ko sauka ba, ka ba shi sugan. Ɗan ƙarin da za ka yi wa mai hawan suga ba zai yi masa illa nan take ba, amma hana mai faɗuwar suga yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada ka kuskura ka yi masa allurar insulin da ka gani a jakarsa.

Idan ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a kira lambar da ke hannunsa, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran isowar iyaye ba. Da an isa a nuna rubutun. Ko da amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama aka kai shi, rubutun zai sa a gwada suga tun kafin a ce zazzaɓin cizon sauro ne a rataya masa ruwa.

Tambaya: Wane iri ya fi, na wuya ko na hannu? 'Yata tana sa dogon hijabi. (Wani uba, Jos)

Amsa: Na hannu, Alhaji. Sarƙar wuya tana ɓacewa ƙarƙashin hijabi, kuma a wajen wasa wata na iya fizgar ta. Wuyan hannu kuwa nan mai jinya zai fara kamawa ya ji bugun jini. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi ƙarko, kuma masu zana suna a kan kofunan kyauta da alluna suna iya sassaƙa rubutun. A sassaƙa, kada a buga da fenti, don sabulu da alwala suna cinye fenti cikin 'yan watanni. Na roba ya fi arha kuma ya fi dacewa da wasanni, sai dai yana kama da waɗanda yara ke sawa don gayu, saboda haka a zaɓi mai launi ɗaya mai haske. Zinariya da azurfa a bar su, ɓarawo suke kira. Girmansa ya zama yatsa ɗaya na shiga tsakaninsa da fata, ta yadda za ta juya shi ruwan alwala ya ratsa. In fatar wurin ta fara ƙaiƙayi da ƙuraje, akwai yiwuwar ƙarfen na da sinadarin nikel, a koma na roba. Duk farkon zango a duba ko ya matse ta, ko lambar wayar ta canza.

Tambaya: Kakar ɗana ta ce abin hannun nan laya ce, ga hoton maciji a jiki. (Wata uwa, Kumasi)

Amsa: Macijin da ya naɗe sanda tsohuwar alamar aikin likita ce, ita ce kuke gani a jikin motocin ɗaukar marasa lafiya. Ba a sa abin don ya warkar ko ya tsare, sanarwa ce kawai kamar katin asibiti. In alamar ce ke damun Hajiya Kaka, a sa mai sassaƙa ya bar ta, ya ƙara girman rubutun a gurbinta.