Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara haɗa gem ɗina?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Jos, Unguwar Rogo nake. Ina son haɗa irin gem ɗin nan da mutum ke zama jarumi yana yawo yana faɗa da dodanni, amma ban taɓa rubuta kod (umarnin da ake ba kwamfuta) ba, kuma laftof ɗina ta tsufa. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Tsufan laftof ba matsala ba ne, ka sauke Python, wato yaren rubuta kod, kyauta ne kuma ba shi da nauyi, ko a wayar Android ma manhajar rubuta Python mai suna Pydroid 3 za ta yi maka aiki in an ɗauke wuta.

Maganar hoto da zane ka ajiye ta tukuna, nan ne yawancin masu koyo ke gajiya su watsar. Fara da gem na rubutu zalla. Ka ba jarumi makin rai 20, dodo makin rai 15, sai ka yi amfani da abubuwa uku na cikin Python, wato while da input da random: ka sa while ta riƙa maimaita faɗan, input ta tambayi mai wasa zai kai sara ne ko zai gudu, random kuma ta zaɓi ƙarfin saran tsakanin 1 da 6, kana ragewa daga ran wanda aka sara har na ɗaya ya kai sifili. Wallahi layi talatin ya isa.

In wannan ya tashi sai ka ƙara ɗakuna uku da makulli da jakar kaya. Pygame ko Godot, kayan aikin haɗa gem mai hoto, sai daga baya. Kuma don Allah kar ka kwafo kod ɗin wani ka manna, buga shi da hannunka.