Ɗana ya cika wata 15 bai fara tafiya ba, ko akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari ya cika wata 15 amma har yanzu bai saki hannu ya taka ba. Yana rarrafe, yana dafa kujera ya miƙe, yana bin bango. 'Yar maƙwabciyata tun tana wata 10 take yawo a tsakar gida. Surukata ta ce goyo ne ya yi masa yawa, wasu kuma sun ce in saya masa keken koyon tafiya. Wallahi abin yana damuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, maman yaro. Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, domin bisa abin da kika faɗa, yaronki bai makara ba. Yaron da ke miƙewa da kansa yana bin bango, ƙafarsa na da ƙarfi, saura kawai ya samu ƙarfin halin sakin hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin lafiyayyun yara sama da 800 a ƙasashe biyar, wato Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a shekarar 2006. Abin da aka gani shi ne, zama ba tare da an tokare yaro ba yana zuwa tsakanin wata 4 zuwa 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya kuwa, wani ya fara tun yana wata 8, wani sai da ya kusa wata 18, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Har an samu kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam, daga zama ko jan gindi sai tsayuwa. Kin ga 'yar maƙwabciyarki da ɗanki duk suna cikin wannan tazarar. Idan kuma bakwaini ne, sai a cire makonnin da ya rage bai cika ba a ciki kafin a yi masa lissafi, har ya kai shekara 2.

Maganar goyo, ki ba Hajiya haƙuri, goyo ba ya kashe wa yaro ƙafa. Amma akwai gaskiya a cikin zancenta: yaron da ya wuni a baya ba ya samun damar gwada ƙafarsa. Ki riƙa sauke shi a kan tabarma ko tsakar gida mai tsabta, ba takalmi, ki tsuguna ɗan nesa da shi ki miƙo hannu kina yi masa tatata. Keken da ake zaunar da yaro a ciki kuwa, ina roƙonki kada ki saya. Ba ya sa a yi saurin tafiya, kuma yana kai yaro bakin murhu, ruwan zafi ko matakala kafin uwa ta ankara. Saboda irin waɗannan haɗurra ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Abin da na fi so ki sa wa ido shi ne abincinsa. Tamowa da ƙarancin jini suna jinkirta tafiya ƙwarai. Haka ma laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafa ta gwame ko ta lanƙwashe, wuyan hannu ya yi kauri. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a wurinmu rashin sinadarin kalsiyam a abinci ne ya fi jawo shi, ba rashin shiga rana ba. Kunu zalla ba ya isar yaro mai wata 15. Ki ci gaba da shayar da shi, ki haɗa masa da ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, madara ko kindirmo mai tsabta, da miyar zogale ko kuka.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su. In ya cika wata 18 bai taka shi kaɗai ba, a kai shi wurin likitan yara. Tun kafin nan ma, ki kai shi idan jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya yi laƙwas, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko kullum hannu ɗaya yake amfani da shi ɗayan a dunƙule. Haka idan ba ya waiwaya in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya gwalantun "baba" da "mama". Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce yaro ya daina abin da ya riga ya iya. Ƙafar da ta saki kwatsam kuwa, a garzaya asibiti ranar, domin a binciki shan inna da makamantanta.

Likita zai tambaye ki ko ya yi kuka nan take da aka haife shi, ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko, ko ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓi da jijjiga. Waɗannan kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yaran da aka fara yi wa gashin ƙashi da wuri sun fi amfana da shi. Ki tafi da katinsa na awo da rigakafi, domin a ga yadda nauyinsa ke tafiya wata bayan wata.