Filin Tambaya da Amsa: Me ya sa masu narka tama ba sa rige-rigen sayen kwal mai araha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na ji ana cewa ƙasashe irin su Indiya suna ɗauko kwal tun daga Ostareliya don narka ƙarfe, alhali suna da nasu a gida. To ba wuta ake nema ba? Wane bambanci ingancin kwal zai kawo wa kuɗin aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗalibi, gaskiya na ji daɗin tambayar nan. Ai ba wuta kaɗai ake nema ba. Shi babban tanderun narka tama ba a zuba masa ɗanyen kwal ta sama, sai an fara gasa kwal ɗin ba iska, zafi sama da digiri 1,000, ya koma wani abu mai tauri mai ƙofofi da ake ce wa kok, kuma ba kowane kwal ne ke yin haka ba, wani ko ka kwana kana gasa shi gari zai zama. Tun 1709 Abraham Darby ya fara narka tama da kok a Ingila.

A cikin tanderu kok yana ba da zafi, iskar da yake fitarwa ce ke zare iskar oksijin daga tama, sannan, wannan ne mutane ke mantawa, shi kaɗai ne ba ya narkewa har can ƙasa, don haka shi ke ɗauke da nauyin duk kayan da aka loda, ta tsakaninsa iska mai zafi ke hawa, narkakken ƙarfe ke sauka. In kok ɗin mai rauni ne ya farfashe, hanya ta toshe, tanderu ya riƙa shaƙewa, dole a rage hura iska, ƙarfen da ake samu a rana ya ragu amma albashi da wutar lantarki da bashin banki suna nan yadda suke.

Sai maganar toka, kuma nan ne amsar Indiya take, don kwal ɗinsu toka ta yi masa yawa. Toka ba ta ci da wuta, amma ka biya kuɗinta ka biya dakonta, kuma in ta shiga tanderu sai an ƙara dutsen farar ƙasa don ta narke ta fita a matsayin kashin maƙera, narkar da ita kuma ƙarin kok yake ci, ƙarin kok ɗin nan ma da tasa tokar yake zuwa. Ka ga kuɗi suna ta zurarewa kenan. Farar wuta ma mafi yawanta daga kok take shiga ƙarfe, tana sa shi tsagewa in ana sarrafa shi da zafi, sai an kashe kuɗi an cire ta. Fosfaros kam, wani sinadari mai ɓata ƙarfe da shi ma ake samu a kwal, kusan duka cikin ƙarfen yake tafiya.

Dabarar da ake yi yanzu ita ce a niƙa kwal mai sauƙin kuɗi ya zama gari, a hura shi ta bututun iska na ƙasa, wasu tanderun har kilo 150 zuwa 200 a kowane tan na ƙarfe, sai buƙatar kok ta sauko wajen kilo 300 da wani abu. Amma fa lura, tunda kok ya ragu, ɗan wanda ya saura zai fi daɗewa a ciki yana shan nauyi da zafi, don haka dole ya fi na da ƙarfi. Shi ya sa suke gauraya kwal iri-iri kafin a gasa, kuma suna auna ƙarfin kok ɗin bayan ya sha iska mai zafi, gwajin da kamfanin Nippon Steel na Japan ya ɓullo da shi, manyan tanderu sukan nemi maki 60 zuwa sama.